Kwat ɗin da Na Bar wa Kawunku

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke bayan kowace fuska.

Ni ne mahaifinku, mai hoto na kusa da tashar mota. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau. Huhuna ne ya gaji, kaina bai gaji ba. Mai aski maƙwabcina da limamin unguwa sun sa hannu a ƙasa, don kada gobe wani ya ce tsoho ya ruɗe. Babba, Nas, Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta, kada wanda ya tashi sai an kai ƙarshe.

1. Gida da abin da ke cikinsa ku raba yadda addini ya tsara. Auta ta ci gaba da zama a ɗakin mamanku har ta gama karatu, kada wanda ya ɗaga mata murya a kan haka.

2. Shago ba ya cikin gado. Na yi wa Nas kyautarsa tun watan jiya ina da raina, takardar tana wurin lauya. Babba, kada ka ɓata fuska. Na san kawunku ya kira ka gefe ya ce zai sayi shagon da duk tarkacen ciki, da farashin da ya sa ka kasa rufe baki. Kai ka ɗauka tausayi ne. Ɗana, a zamanin da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, wa ke sayen shagon hoto mai yoyo? Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin kanta yake so, ya kai shi bayan gari ya cinna masa ashana.

3. Ga abin da ke cikin akwatin. Shekara goma sha biyu ke nan, masaƙar da ke ciyar da rabin unguwa ta rufe. Malamai suka yi wata bakwai ba sa shiga aji, samari suna zaune a bakin titi suna ƙirga motoci. Kasuwata ta mutu, ciwon ƙodar mamanku kuma ya fara cinye abin da muka tara. A wannan shekarar ƙanin mamanku, wanda kowa ke kira Mai Hanya, ya fara kawo mini yaran da zai fitar ƙasar waje. Ina tuna maganarsa kamar jiya: "Yaya, yaro shi kaɗai ba ya wuce iyaka, koro shi suke yi. Ka ɗan girmar mini da su, wallahi taimako ne."

Ni kuma na girmar da su. Akwai baƙar kwat a rataye bayan labule, wadda nake ara wa masu neman aiki. Sai in cusa tsohuwar jarida a kafaɗunta, in saka wa yaro, in ce ya ɗaga haɓa kada ya yi murmushi. A kwamfuta in rage kumatu, in zana inuwar gashin baki. Da hoton kawunku ke haɗa takardun ƙarya. Amma maigidana da ya koya mini sana'a ya hore ni kada in taɓa jefar da hoton farko, wanda ake ɗauka don gwada haske. Saboda haka kowane yaro yana da hotonsa na gaskiya kafin kwat, a bayansa na rubuta sunansa, sunan uwarsa, ranar, da shekarun da ya faɗa mini da bakinsa. Su hamsin da takwas ne. Goma sha ɗaya kaɗai aka san inda suke.

4. Na arba'in da biyu ɗan'uwanku ne, Ɗan Tsalle. Auta, ke ba ki san shi sosai ba, kina shekara shida ya tafi. Bai taɓa zama minti biyar wuri ɗaya ba, daga kujerar shagon nan ya diro ya fasa girar hagu, tabon ya zauna masa. Shekararsa sha uku. Shi ya matsa zai tafi ya turo kuɗin wankin ƙodar mamansa, kawunku yana ta hura masa kunne, ni kuma na ce to. Na saka masa kwat, hannun ya rufe masa yatsu, yana ta dariya sai da na daka masa tsawa. Na goge tabon nan tas. Takarda ta ce shekararsa ashirin. A duk aikina ban taɓa yin gyaran da ya yi kyau kamar wannan ba, kuma a ranar har alfahari na yi.

Sau biyu ya kira, daga nan shiru. Kawunku ya ce yaran yanzu in sun ga kuɗi mantawa suke da iyaye. Da muka je ofishin masu neman waɗanda suka ɓace, shi ya ce a ba su hoton takarda kada a samu saɓani. Shekaru suna neman ɗan ashirin mai gashin baki. Mamanku ta rasu gadonta yana fuskantar ƙofa.

Shekara uku ke nan, Nas ce ta ɗauki hoton gaskiya ba da sanina ba ta kai musu. Bayan wata huɗu wasiƙa ta iso. An ceto jirgin ruwan da ya shiga. Duk yaron da bai kai sha takwas ba an kai shi gidan yara, da gado da makaranta. Shi kuwa aka duba takardarsa aka kulle shi tare da manyan maza. Likitar wurin ta rubuta cewa tana ganin yaro ne, mai tabo a girar hagu, sau uku tana tambayarsa shekarunsa, sau uku yana cewa ashirin. Sanyi ya kama masa ƙirji, wata goma sha ɗaya ya yi a wurin ya rasu. Daga baya wani da ya dawo daga cikin yaran ya faɗa mini dalili. Kafin su hau mota kawunku ya tara su ya ce duk wanda ya faɗi shekarunsa na gaskiya, to ya sani babansa ko mai hoton zai ruɓe a kurkuku. Ɗana ya mutu yana rufa mini asiri.

5. Nas, ga aikinki, don ke ce mai taurin kan gidan nan, kuma a wurina kika gado shi. Ki wanke kowane hoto kashi uku. Ɗaya ki kai ofishin masu nema, wataƙila akwai mai rai da ake nema da fuskar da ba tasa ba. Ɗaya ki kai wa uwar yaron hannu da hannu, ki faɗa mata abin da na yi, in ta zage ni ki tsaya ki ji har ta gama. Na uku ki ba lauya tare da bayanin da na rubuta, sunana yana ciki kusa da na kawunku. Tsoron kurkuku ya hana ni shekara uku, na ji kunyar wannan, yanzu ga ƙaramin ɗaki can yana jirana ko ina so ko ba na so.

Sannan ki faɗaɗa hotunan, ki manna su a gilashin shago daga sama har ƙasa. Kawunku ya gina benensa daidai tsallaken titi, ko don ya riƙa sa ido a kan akwatin ne, shi ya sani. To ya samu abin kallo. Duk safiya in ya buɗe get, su hamsin da takwas suna dubansa. In rana ta cinye kalar, a sake wankewa.

6. Addini ya ba ni damar yin wasiyya ga wanda ba magajina ba. Na bar wa kawunku kwat ɗin. Babba, kai za ka kai masa, da rana tsaka, lokacin da zaurensa ya cika da masu zuwa gaisuwa suna kiransa mai taimakon al'umma. Kada ka cire jaridar kafaɗu. Ka miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi, ka ce in ji yayansa, ya gwada ya gani ko za ta yi masa.

7. Ban yafe masa ba. Na rubuta shi ɓaro-ɓaro don kada a zo zaman makoki wani ya ce ai marigayi mai haƙuri ne. Sau biyu ya turo dattawa, ya turo buhun shinkafa, bai taɓa zuwa da ƙafarsa ya kira sunan yaron ba. Kada ya taɓa makarata. In ya kawo wani abu a mayar masa a motar da ta kawo shi. Amma kada wanda ya taɓa lafiyarsa ko ya jefi gilashinsa. Tsawon rai nake roƙa masa, da ido mai gani sosai. 'Ya'yansa kuwa 'yan'uwanku ne, ba su saka wa kowa kwat ba, in sun shigo gidan nan a ba su wurin zama.

8. Babba da Nas, shekara uku ba ku gaisa ba, tun ranar da ta ce kai ka raka Ɗan Tsalle tasha. Ni na aike ka. Wannan rigimar tawa ce, zan tafi da ita, ku ajiye. Babba, na ji ɗanka na fari ya fara cewa ƙasar nan ba ta da gaba. Ba ƙarya yake ba, ni ma ban ga gaban ba. Kada ka doke shi. Ka kai shi gaban gilashin nan, ka karanta masa shekarun ɗaya bayan ɗaya. In ya girma ya ga tafiya ce mafita, ya tafi da fuskarsa da sunansa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da zai riƙe 'ya'yanku a gida. Ku ci abinci tare ko sau ɗaya ne a mako, kada ku bari kowa ya shiga tsakaninku da buhu ko da ambulan. Ku nema mini gafara, ina buƙatarta fiye da yadda kuke zato.

Hoton Ɗan Tsalle da Nas ta dawo da shi yana saman akwatin, a cikin farar takarda. Shi za ku sa a tsakiya, daidai tsayin idon mai fitowa daga get ɗin can. Kada a gyara komai, ku bar tabon, ku bar dariyar. A ƙarƙashinsa ku rubuta da manyan baƙaƙe: shekararsa sha uku.

Mahaifinku, mai hoto.