Ni Na Koya Mata Tambaya, Yau Na Rasa Amsa

Salamun alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan abinci ba ya shiga bakina.

Ni malamar kimiyya ce a ƙaramar sakandare, a wani ƙauye kusa da Anka. Kullum ina ce wa yarana kada su haddace kawai, duk abin da aka faɗa musu su tambaya, da me aka gane? To wannan zangon na ba 'yan aji biyu aiki, kowa ya nemo abin da ke ɗaure masa kai a gida ya bincika.

Akwai wata yarinya Saratu, shekararta sha uku, ta fi kowa kaifin kai. Ita ta zaɓi dalilin da ya sa agwagin gidansu suka mutu amma na gwaggonta suna nan lafiya. Innarta ta ce iska ce, ba ta yarda ba, ta bi gida-gida tana tambaya, sai ta gano inda ake dakan dutsen zinari a tsakar gida nan ne agwagi ke mutuwa. Na ce mata gubar dalma ce a cikin ƙurar, har na sa aka tafa mata, wallahi ban san abin da na taɓo ba.

Washegari da aka tashi ta ƙi tafiya. Ashe bara ƙaninta Isiya ya rasu da jijjiga, bai cika shekara biyu ba, kuma ita ce ke goya shi tana tankaɗe garin dutsen. Ta dube ni ba hawaye, ta ce, "Malama, ke kin ce a bi hujja duk inda ta kai. Ni na kashe shi ko?"

Na ce kwanansa ne ya ƙare. Ta ce, "Na sani. Amma da mi anka gane ba ƙurar ba ce?"

Babanta ya zo wajen firinsifal yana faɗa, wai na cusa wa 'yarsa cewa sana'arsa ta kashe ɗansa, alhali da ita yake ciyar da su. Baban ma da zai fita na ga yana share ido. Yanzu Saratu ta daina zuwa makaranta, kuma akwai jaririya a gidan, har yau ana dakan.

In na ce mata ba ƙurar ba ce na yi ƙarya, jaririyar ma tana cikin haɗari. In na ce ƙurar ce, yarinyar nan za ta ɗauki gawar ƙaninta a ka har ta tsufa. Ranar Juma'a zan je gidansu. Iyaye mata da ke nan, da wane baki zan fara?