Ƙafafun Motar Yaya Jamalu

Ƙofar Ruwa, Kano
Bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Yaya Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, ina gaida Hajiya da Yaya Lubna da duk mutanen gida.

Ka yi haƙuri da na rubuto maimakon in kira. A waya ina rikicewa, kai kuma kana da sauri, sai mu rabu ban faɗi rabin abin da na shirya ba. Daudu direban Kazaure ne zai kawo maka wannan.

Na duba maganar ƙafafun motarka kamar yadda ka sa ni. Abin da abokanka ke kira koyiloba ba wani abu ba ne illa shokazoba da sifirin a haɗe, da zare a jikinsa kamar na noti. Ana murɗawa mota ta sauka ko ta ɗaga. A garejin da nake koyon aiki kafin a tura mu bautar ƙasa, mun samo iri biyu da za su hau motarka.

Na farko mai jan sifirin ne. Yana da tauri, kusan ninki uku na wanda motar ta zo da shi. Yanzu tsakanin cikin motarka da ƙasa santimita goma sha uku ne. Da ja za ta sauka zuwa bakwai, kuma ko an murɗe shi har ƙarshe ba zai wuce tara ba.

Na biyu mai ruwan ɗorawa ne. Bai kai wancan tauri ba, akwai inda ake ƙara masa ƙarfi ko a rage, kuma yana tsayawa tsakanin tara da goma sha biyu.

Ka ce mini a kan kwalta kawai kake hawanta, daga Kazaure zuwa Roni ko Babura idan ana wasan mota a biki. In haka ne, ja ba zai ba ka matsala ba, sai dai za ka riƙa tsallake tudun rage gudu a karkace. Ni da ni ne, mai ruwan ɗorawa zan ɗauka. Amma motarka ce, kuma ka fi ni sanin inda take zuwa.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Rilwanu

*

Kazaure

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na karanta takardarka, sai na ji kamar na koma aji. Bafillace da lissafi! Kun saba hawan bijimi, shi ya sa kake son mota mai tsayin ƙafa.

Ja nake so. Ran bikin abokina Musaddiƙ a garin Kanya Babba, shi angon ya zo da tasa motar a ƙasa kamar kunkuru, ya juya sau uku a wuri ɗaya, yara suka bi shi da ihu. Ni da na shiga fili motata tana tangaɗi kamar kwale-kwale. Wani ma cewa ya yi, "Jamalu, wannan ai ta kai amarya ce." A gaban jama'a fa! Ba zan sake cin wannan ba.

Tunda kai da bakinka ka ce ja ba matsala, ka sa a ajiye mini. Na sayar da tsohuwar motar gida don wannan aikin, don haka kar ka tsaya taya-taya. Ka ba Daudu idan ya shigo.

Yayarka tana gaishe ka.

Jamaluddeen

*

Kazaure

Rilwanu,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya zaman Kano? Kana dai cin abinci ko? A hoton Sallah wuyanka ya yi tsawo.

Na ga takardarka a kan kujera, na karanta. Kar ka gaya masa. Ban gane lissafinku ba, abin da na gane shi ne motar za ta ƙara yin ƙasa, kuma ita kaɗai ta rage mana.

Akwai maganar da ba a yi da ƙani, amma ba ni da wanda zan yi da shi. Bayan Babbar Sallah zan tafi gida wajen Inna, kuma ba zan dawo ba sai na yi arba'in. Ka gane. Kar ka sa in ƙara bayani.

Likita ta ce ba ta son yadda ƙafafuna ke kumbura. Ta ce duk inda nake, ranar da abin ya taso kar a tsaya gwada na gida, a kawo ni asibiti nan take. Ka san rugarmu. Daga Gwiwa zuwa gida ba motar haya idan ruwa ya sauka, sai babur, ni kuwa ba zan hau babur ba a wannan hali. Shi ya ce kar in damu, ana kiransa zai taso.

Na ce masa, "Da wace motar?"

Ya yi dariya ya ce, "Da jirgin ƙasa, ranki ya daɗe."

Ban iya ja da shi ba. A gidansu ba a ambaton wannan abu, na fari ne, Hajiya mahaifiyarsa ma yi take kamar ba ta gani. Kai ne ka yi karatun mota. Ka duba mini, motar za ta iya zuwa ƙofar Inna cikin damina ko ba za ta iya ba? In za ta iya, shi ke nan, ka ƙona wannan takarda. In ba za ta iya ba, ka san yadda za ka yi, amma kar sunana ya fito.

Yayarka,
Lubna

*

Ƙofar Ruwa, Kano

Zuwa ga Yaya Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Daudu ya ce ka yi faɗa da ya zo hannu wofi. Ba laifinsa ba ne, ni na hana.

Yaya, na je gida ranar Juma'a, na bi hanyar nan da ƙafa tun daga inda kwalta ta ƙare a Gwiwa. Na tafi da katako da abin awo. Amalanken shanu sun ci gefe biyu na hanyar, sun bar tudu kamar kunyar gona a tsakiya. A wurare da yawa tsayinta santimita takwas ne ko tara. A gangaren ƙorama, kusa da gonar Baffa Sama'ilu, goma sha ɗaya ne, kuma akwai dutse a ciki. Na auna sau biyu don kar in yi maka ƙarya. Wannan kuwa tun ruwa bai yi ƙarfi ba.

Abin da ya fi kusa da ƙasa a motarka shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Da ja, ko an ɗaga shi har ƙarshe, kaskon zai daki dutsen. In ya fashe mai zai zube, inji ya tsaya a wurin. Da mai ruwan ɗorawa a sama za ta wuce da ƙyar, in an bi a hankali. Ban ce tabbas ba. Abin da ya fi duka shi ne a bar ta yadda take sai bayan kaka.

Na san za ka ce ai ana murɗawa. Ba aikin gefen hanya ba ne. Sai an ɗaga motar an cire tayoyi huɗu, an daidaita kowace ƙafa, sannan a sake saitin taya. Idan laka ta shiga zaren ta bushe, sifana ma ba ta juya shi. Na ga an yi yini guda a kan ƙafa ɗaya a garejinmu. Ban da haka, taurin ja yana sa duk ramin da aka faɗa ya wuce kai tsaye zuwa bayan wanda ke zaune.

Na rubuta wannan shafin na yaga, na sake rubutawa. Za ka ce me ya kai motarka rugarmu. Yaya, ka gafarce ni, zan faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakina ba. Yaya Lubna tana da juna biyu, za ta je gida haihuwa a tsakiyar damina, kuma ba wata mota da za ta ɗauko ta sai taka. In ta maƙale a ƙorama da ita a ciki, ba mu da abin yi.

A takardata ta farko na ce ja ba matsala. Na faɗa ne a kan kwalta, don ban san da wannan ba. Yanzu na janye. Ba zan aiko da shi ba. In ka yarda zan zo da mai ruwan ɗorawa in ɗaura da hannuna, ko mu jira. Bikin da za a yi wasa ba ya ƙarewa.

Ka yi mini afuwa in na wuce gona da iri.

Ƙaninka,
Rilwanu

*

Kazaure

Rilwanu,

Salam. Takardarka ta same ni a zaure, ina tare da Baffa Muhammadu Lawal. Ya ce in karanta masa ya ji abin da injiniyanmu ya ce a kan mota. Na fara karantawa da ƙarfi, har na kai inda ka kai. Dattijo ya tashi ya sa takalmi ya fita. Ka kyauta.

Yaushe ka girma har kake ƙirga mini watannin matata? Wa ya gaya maka? Na san amsar, ba sai ka wahala ba.

Ka riƙe kayanka. Musaddiƙ ya samo mini ja a wani wurin, an ɗaura tun shekaranjiya, kuma mota ta zauna yadda nake so.

Amma na karɓi lissafinka, ban ce ka yi kuskure ba. Hanya ba ta biyuwa. To tunda mota ba za ta je ba, ita ma ba za ta je ba. A nan za ta haihu, asibiti na bayan gidanmu. Ka ga ka huta da awo.

Jamaluddeen

*

Kazaure

Rilwanu,

Ina gaisuwa, duk da ban san ko kana so ba.

Na ce kar sunana ya fito. Ba ka rubuta cewa ni na gaya maka ba, na sani, amma wa zai gaya maka in ba ni ba? Yanzu gidan nan kowa kallona yake. Hajiya ta kira ni ɗaki ta ce, "Lubna, a gidanku haka ake yi? A aika wa yaro ƙarami da maganar ciki har Kano?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Shi kuwa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Da na ce masa Inna fa tana jira, sai ya ce, "Ƙaninki ya auna, santimita goma sha ɗaya. Ko kin fi shi karatu?" Ya ɗauki makulli ya fita. Ina jin motar tana gurzar dakalin ƙofar gida duk lokacin da zai fita, sai ya koma baya ya sake gwadawa a karkace.

Ba zan yi maka ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyata ya kwanta. Jiya kaina ya yi ciwo har ina ganin duhu-duhu, muka taka zuwa asibiti da ƙafa, suka duba ni. Da a gida nake ban san yadda za a yi ba. Don haka ban ce ka cuce ni ba. Amma duk 'yan'uwanmu mata a ɗakin Inna suka yi na fari. Ni kaɗai ce 'yarta ta cikinta, kuma ni ce ba zan je ba.

Na roƙe shi a ɗauko ta ta zo nan ta zauna da ni. Ya ce bismillah, ƙofa a buɗe take. Ka san Inna. Ruwan gidan suruki ma ba ta sha, balle ta kwana.

Ba wanda ya gaya mata tukuna. Ni ba zan iya a waya ba. Kai ka fara, kai za ka ƙarasa. Ka je ka same ta.

Yayarka,
Lubna

*

Gwiwa

Yaya Lubna,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah Ya raba lafiya.

Na je. Na same ta tana shafe ɗakinki da farar ƙasa. Na gaya mata duka, har da maganar likita, ban rage komai ba. Ta ci gaba da shafen. Sannan ta ce, "Gidan mijinta ne. Allah Ya sauke ta lafiya." Na ce ko za ta zo Kazaure. Ta ce in wuce in ci tuwo.

Da zan tafi ta jawo babbar tukunyar nan ta wankan jego daga bayan rumbu, wadda aka dafa mata ruwa a ciki lokacin da ta haife ki. Ta wanke ta tas. Ta ce in ba za ki zo ba, a kai miki ita, kar a yi miki wanka a tukunyar aro. Ta ce in tambayi mijinki ko zai tsaya a bakin kwalta da motar tasa, ita za ta ɗauko ta a ka har Gwiwa.

Yaya, na san faɗin but ɗin motar, kuma na auna tukunyar. Ba za ta shiga ba. Ban gaya mata ba. Na ce zan tambaya.

Ƙaninki,
Rilwanu