Wa Ke Cire Mini Bishiyoyi a Bakin Tafki?

Litinin, 3 ga Maris

Bishiyoyi arba'in na dasa a bakin tafkin nan ranar Juma'a, a hoton unguwar da kamfaninmu zai gina. Yau na buɗe manhajar zanen a kwamfuta, babu ko ɗaya. Gaɓar ta dawo fili fetal, ruwa har gindin gidajen layin farko. Mu biyu kaɗai ke taɓa fayil ɗin, ni da Dogo, wanda aka kawo mana daga sashen awon ƙasa. Hoton nan da sunana za a kai shi gaban kwamiti ranar sha biyu. In ya lalace, kujerata ce za ta tafi.

Talata, 4 ga Maris

Na sake dasawa. Na ja gaɓar baya da hannuna, na baza ciyawa, na jera inuwa. Ya yi kyau, ko ni na yi sha'awar zama a wurin. Dogo ya wuce ta bayana da kofin shayinsa, wai "Sannu da aiki, ƙanwata." Ƙanwarsa a ina? Sumumu-ƙasau kawai.

Laraba, 5 ga Maris

Sun sake ɓacewa. Wallahi raina ya ɓaci.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira yayata na zayyana mata komai. Ta ce tun ina yarinya in fensirina ya ɓata sai na tuhumi gida kaf, har kyanwa. Ban yi dariya ba. Na sa madubin jakata a gefen allo yadda zan riƙa hango teburin Dogo. Abin da na gani duk yini: mutum yana goge gilashinsa yana duba wasu tsofaffin takardu.

Juma'a, 7 ga Maris

Na tare shi. Bai ko musa ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce bai taɓa bishiya ko ɗaya ba, lamba guda yake gyarawa kullum da safe, ta tsayin ruwa. Ni ce da kaina na sa wa manhajar ƙa'ida kada ta tsirar da bishiya a inda ruwa ke kwanciya, na manta. To ni lambar rani nake aiki da ita, wadda Manaja ya ba ni. Shi kuma ta damina yake mayarwa, wadda ya auna da ƙafarsa cikin laka. "Bishiyoyinki sun fi mu gaskiya, ƙanwata. Sun ƙi tsayawa inda za a sa mutane."

Gidaje shida ne a layin farkon. Na ƙirga har sau biyu.

Litinin, 10 ga Maris

Na je wurin Manaja. Bai ɗago daga wayarsa ba. "Hoto ne fa, ba wa'azi ba. Kashe ƙa'idar, ki dasa da hannu, ki mayar da ruwan inda yake." Na ce inda yake a wane wata? Nan ya ɗago ya dube ni. Bai tambaye ni wace lamba nake nufi ba. Ashe ya sani.

Har yanzu ban cire Dogo daga zargi ba. Wa ya san ko so yake in yi faɗan da zai sa a kore ni, shi ya haye kujerata?

Laraba, 12 ga Maris

Na tura hoton. Ruwa a lambar damina, layin farko tsundum a ciki, ba bishiya ko ɗaya. Mummunan hoto, mafi muni da na taɓa yi. Dogo ya ce in sa sunansa a ƙasa kusa da nawa, in za a kora a kore mu tare. Na ce ba na bukata.

Na sa sunan nasa dai. Manaja bai amsa gaisuwata ba da rana. Da aka tashi Dogo ya tsaya jirana a bakin ƙofa, ni kuma ban canza hanya ba.