Matata Ta Hana Jikana Shiga Motata

Malam mai wannan fili, bayan gaisuwa, ina roƙonka ka taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, don abin ya hana ni zama wuri ɗaya. Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci. Ba zan sa sunana ba, ko da yake duk mutumin Tudun Wada da ya karanta zai gane ni saboda motar.

Da farko albishir. Allah ya ba ni jika namiji, yau kwanansa goma sha ɗaya. 'Yata Ruƙayyatu ce ta haife shi, bayan shekara shida da aure da ɓari biyu. Tun da na ɗauke shi a hannu ranar suna nake dariya ni kaɗai a kan hanya. Mijinta Shu'aibu malamin makaranta ne a wani ƙauye can bayan Kumo, mil shida daga kwalta. Haihuwar ta zo da wuri, ba mu samu ɗauko ta goyon ciki ba, sai aka yi da dangin mijin cewa ƙarshen wata za ta dawo gida ta ƙarasa wankan jego wajen uwarta.

To ga maganar motar. Shekara goma sha tara na yi ina direba a ma'aikatar gona, ina zaga kasuwannin auduga da wata Landiroba da aka kawo shekarar da aka sami mulkin kai. Da zamanin ƙarin albashin Udoji ya zo aka sayo sababbin motoci, aka jefar da ita bayan ofis, kaji suna ƙwai a kan kujerarta. Da na bar aiki na saye ta a gwanjo. Mutane suka yi ta yi mini dariya, kowa yana sayen Fijo da babur ni na jawo kangon ƙarfe. Shekara biyu muka yi a kanta ni da Matiyu, wani bakanike a Bolari. Mun sauke injin, mun sake lagireto, mun nemo giya har Jos, an ɗinka mata sabon tamfol, na yi mata koren fenti da hannuna. Sitiyarinta yana nan a dama irin na da, ban taɓa shi ba. Ranar da ta tashi sai da na yi hawaye, Matiyu ya yi kamar bai gani ba.

Wata biyu bayan haka, da damina, mahaifin Matiyu ya rasu a asibiti. Suna so su kai shi ƙauyensu a cikin duwatsun Tangale, kuma babu motar da za ta iya hanyar. Yaya zan ce a'a ga mutumin da ya kwanta ƙarƙashin motar nan shekara biyu? Na kai su. Daga nan labari ya bazu. Duk wanda aka yi wa rasuwa kuma garinsu ba hanya, ƙofata ake bugawa, Musulmi da Kirista. Zuwa yau na kai gawa bakwai. Ban taɓa jin nauyin abin ba, sai dai yanzu unguwa ta sa mata suna motar gawa. Kwanaki na tsaya ƙofar abokina Sallau don mu gaisa kawai, kafin mu gama shan ruwa maƙwabta sun fara shigowa suna salati.

Matata Delu ta ce jaririn nan ba zai shiga motar ba, ko ƙofarta ba zai taɓa ba. Ranar suna ma ta hana ni zuwa da motar. Muka hau babbar mota zuwa mararraba, muka taka mil shidan nan cikin laka, akwai rafin da ruwansa ya kawo mini cinya. Shi ya sa hankalina ya tashi. Ita shawararta, a tako da mai jego da jariri har bakin kwalta, ɗan'uwanta ya jira su da Fijo. Mace mai ɗanyen jiki a cikin wannan ruwa? Motata kuwa, in na sa mata ƙaramar giya, ƙafa huɗu suna ja, ba ta ko tsayawa a rafin.

Jiya Delu ta sassauto, ta ce in na sake wa motar fenti, na kuma rantse ba za ta ƙara ɗaukar gawa ba har abada, za ta duba. Na kasa rantsewa. Na kuma kasa cewa ba zan rantse ba. Sai in fita in wanke motar, in dawo in zauna, in sake fita in tayar da ita in kashe. Zan faɗa maka gaskiya, tun ina goge tsatsar motar nan nake ganin ranar da zan ɗauko jikana a cikinta, tun ba a san za a same shi ba. Ko son zuciya ne ke tura ni? Ko in rantse in huta?

Kakan jariri, Tudun Wada, Gombe.

AMSA

Baba, barka da arziki. Allah ya raya shi, ya ba mai jego lafiya. Rubutunka kuwa ya fita sarai, babu abin ba da haƙuri.

Kana da gaskiya a kan hanya. Mai jego ba ta da ƙarfin taka mil shida, kuma tsallaka rafi da jariri a tsakiyar damina haɗari ne na zahiri. Mota ba ta riƙe ajalin kowa. Kai mamaci makwancinsa aikin alheri ne, ba abin kunya ba. Saboda haka kada ka rantse. Ka san kanka, ranar da aka buga maka ƙofa ana kuka za ka tashi, sai ka haɗa karya rantsuwa da ɓacin ran iyalinka.

Amma kada ka ɗauki tsoron Delu a matsayin jahilci. Sau biyu ta shirya karɓar jika, sau biyu ta mayar da kayan cikin akwati. Wanda ya ga haka, komai ƙanƙantar abu yana firgita shi. Hujja ba za ta cire mata wannan ba, sai lallashi. Ka zauna da ita ku biyu, ba a gaban mutane ba, ka fara da faɗa mata cewa kai ma kana jin tsoro, tsoron rafin.

Na kuma lura da abu ɗaya a wasiƙarka. Kai ka faɗi naka, Delu ta faɗi nata, amma babu wanda ya tambayi Ruƙayyatu. Jikinta ne, ɗanta ne. Ka aika wa Shu'aibu takarda makon nan, ka bayyana masa hanyoyin biyu ba tare da ka ja su zuwa ɓangarenka ba, su yanke.

In sun yarda da motar, ka wanke bayanta da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka ƙone tsohuwar tabarmar da ake kwantar da gawa a kai, ka sa Delu ta zaɓo sabuwa da hannunta. Mai jego da jariri su zauna gaba, inda ba a taɓa kwantar da kowa ba. Ka sanar da ƙauyen da unguwarku ranar zuwanku, ku iso da rana tsaka, mata suna guɗa, kowa ya ga abin da ta ɗauko.

In kuwa Ruƙayyatu ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, kada ka matsa, kada kuma a tako da ita. A bar ta can har ruwa ya janye, kai kuma ka ɗauki Delu da tukunyar wanka da itace da gero ka kai mata, ka riƙa zuwa duk mako. Wannan ma aikin kaka ne, kuma ba motar da za ta iya shi sai taka.

Ka tambaya ko son zuciya ne. Akwai shi kaɗan, kuma ba laifi ba ne, muddin ka iya ajiye shi in an ce ka ajiye. Yaro ba ya zama jariri har abada. In bai shiga motar bana ba, nan da shekara uku da kansa zai hau, ya hana ka sakat. Allah ya kawo su gida lafiya, ya bar ku tare da Delu ku ga aurensa.