Jan Murfin da Hikma Ta Aiko

Dichemso, Kumasi.

Zuwa ga ƙanena Bawah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Hamburg. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a wahalar da kake sha saboda iyali, ya raba ka da sanyin nan da kullum kake kuka da shi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma zuwa masallacin Juma'a da kanta, sai dai ta ƙi sandar da ka aiko, wai sanda ta tsofaffi ce. Matarka Mubarika da yara duk lafiya. Ruwan bana ya yi yawa, rufin ɗakin baya ya fara yoyo, amma Issifu kafinta ya zo daga Anloga ya gyara. Ni kuma ina nan kan tukunyar waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa, yadda ka bar ni.

Na zaɓi rubutu maimakon waya domin na san halinka. Kafin mutum ya kai rabin magana ka riga ka yanke hukunci, ka ce kana sauri za ka aiki. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Taufiq ɗan unguwarmu zai taso zuwa wajenku jibi, shi zai kawo maka. Maganar 'yarka Hikma ce. Tun da aka tura maka hoton sakamakonta na zangon da ya wuce, ka ga ta faɗi lissafi, ka aiko saƙon murya ka ce idan wannan zangon ya ƙare a cire ta daga sakandare a kai ta Kwadaso wajen Adizatu ta koyi ɗinki. Ɗinki ba abin raini ba ne, da shi Adizatu ta gina gida. Amma ka san yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da zance sai na zama mai haɗa magani a asibiti. Da uwarta ta kunna mata saƙonka, "To" kawai ta ce, ta ɗauki bokiti ta tafi famfo. Aka gaya maka ta ce to, hankalinka ya kwanta. A kan wannan to ɗin nake so mu yi magana.

Ni dai raina bai kwanta ba, sai na bar wa Mubarika tukunya na tafi makarantar. Ba zan ɓoye maka ba, da shirin faɗa na je, na wasa bakina tun daga cikin trotro, motar hayar da na hau. Ashe mai koya musu lissafin Malama Rashidatu ce, 'yar marigayi Suraj mai gyaran rediyo, wadda ka sani tana yawo da tsohon batir a hannu. Ta girma, ta yi hankali. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ba ni kujera da ruwa, ta bar ni na zazzage duk abin da na zo da shi. Da na gama sai ta ce ina da gaskiya in yi fushi, ita ma da ta ga sakamakon ajin, abinci ya gagare ta. Ta ce duk tsawon zangon da ya wuce, idan ta gama darasi ta tambaya ko an gane, ajin gaba ɗaya sai ya amsa da murya ɗaya, "Yes, Madam." Ita kuma sai ta wuce gaba da farin ciki. Sai da jarrabawa ta zo ta ga fiye da rabin masu amsawar sun zube.

Bawah, da ta faɗi haka sai na tuna ka a makarantar Malam, lokacin da muke yara. Idan ya biya karatu ya ce an riƙe, muryarka ce ta fi ta kowa tashi, alhali ni da nake kusa da kai na san bakinka kawai ke motsi. Haka aka tarbiyyantar da mu, haka muka tarbiyyantar da namu. Yaron Zongo ba ya kallon babba ya ce bai gane ba, domin a wurinsa kamar ya ce babban ne bai iya bayani ba. Rashidatu ta ce ita ma a haka ta tashi, shi ya sa ba ta ga laifin yaran ba. Ta ce tunda ladabi ya hana bakinsu faɗa, sai ta nema musu hanyar da hannu zai faɗa ba tare da an ji kunya ba.

Abin da ta yi zai ba ka dariya. Ta tara murafen kwalaben roba, ta ba kowane ɗalibi ja da kore. A bakin ƙofar aji ta ajiye gwangwanin madara mai ƙaramar ɓula a sama. Idan an tashi darasi, kowa ya dunƙule hannu ya jefa ɗaya yana wucewa. Kore na nufin na gane, ja na nufin ban gane ba, kuma ba wanda ya san abin da wani ya jefa. Ta ce ranar farko, bayan sun gama rera mata "Yes, Madam" ɗinsu, ta juye gwangwanin a tebur ta ga ja ya rufe kore. Washegari ba ta shiga sabon darasi ba, ta koma na jiya ta biyo da shi ta wata hanya.

Na ce mata to ai shi ke nan, ta gano maganin. Ta ce a'a, murfi yana gaya mata yawan waɗanda suka ɓata ne, ba ya gaya mata su wane ne, ko a ina suka ɓata. Kuma akwai mai jefa kore da zuciya ɗaya alhali bai gane ba. Don haka duk ranar Alhamis tana ba su 'yar gajeriyar jarrabawa, wadda ba a dukan kowa a kanta, ba a kuma kiran maki a gaban aji. Wani lokaci ta haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya yi wa ɗaya bayani da Hausa ko Twi ko duk abin da bakinsa ya fi iyawa, ita tana zagayawa tana saurare, sannan su rubuta da Turanci. Har Anloga ta tura su, suka auno katako wajen kafintoci suka lissafo abin da zai ishi tebur. Babbar jarrabawar ƙarshen zango tana nan, ba ta raina ta ba, tunda irinta za su tarar a ƙarshen sakandare. Ta ce dai ba za ta sake yarda ta zama ita kaɗai ce mai ba ta labarin yaro ba. Na ce mata ni ma ban taɓa jira sai mai saye ya kai loma baki sannan in san ko gishiri ya ji ba, tun miya na wuta nake ɗanɗanawa. Ta yi dariya ta ce da ta zo wajena tun farko da ta huta.

Daga nan ta ɗauko takardar Hikma, wadda kai jimillarta kawai ka gani. Ita ba jimilla take dubawa ba, tambaya-tambaya take bi, ta kowane yaro, ta jera su a kwamfutarta ta ga inda aka fi faɗuwa. Ta nuna mini duk inda aka ba Hikma lambobi tsirara ta ci. Inda aka naɗe lissafin cikin dogon labari da Turanci, nan ta bar fili fari, ko gwadawa ba ta yi ba. Kuma ba ita kaɗai ba, yawancin ajin a wannan ramin suka faɗa. Rashidatu ta ce idan yaro ɗaya ya faɗi tambaya, sai a duba yaron, amma idan aji ya faɗi tambaya ɗaya, malami ya duba kansa. Ta ɗauki abin da ta gano ta kai wa Malam Abdul-Kudus mai koya musu Turanci. Da farko bai ji daɗi ba, yana ganin an zo nuna masa aikinsa ne, amma da ya ga takardun da idonsa sai ya sauko. Yanzu a darasinsa yakan kawo irin waɗannan tambayoyin, su warware maganar kafin su kai wa Rashidatu su warware lambobin.

Abin da ya fi burge ni a taron iyaye ya faru. Rashidatu ta miƙe gaban dattawan unguwa da shugaban makaranta ta ce kashi mai yawa na faɗuwar zangon jiya nata ne, domin ta yi ta koyarwa ba ta duba ko ana biye da ita ba. Tun da nake ban taɓa jin malami ya faɗi haka a bainar jama'a ba. Alhaji Amidu ya tashi ya ce yana tsoron kada a koya wa yara fitsara, yau su ce wa malami ba su gane ba, gobe su ce wa iyayensu. Ta saurare shi har ya gama, kanta a ƙasa. Sannan ta ce ita ba ta ga rashin ladabi a yaron da ya ce bai gane ba, abin da take tsoro shi ne yaron da zai ce to alhali cikinsa babu komai sai ruɗani, ranar da zai auna wa mara lafiya magani. Alhaji bai ce ya yarda ba, ka san shi. Amma an ce jikarsa ta zo makaranta da leda cike da murafe, shi ya tara mata a shagonsa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce Hikma ta zama ta ɗaya ba. Har yanzu akwai Alhamis ɗin da take dawowa fuska a murtuke. Amma na ga takardunta na makonnin nan, filin da take bari fari ya fara cika, kuma makinta yana hawa a hankali. Rashidatu ta gaya mini makon jiya Hikma ta ɗaga hannu a tsakiyar darasi ta ce a maimaita, ba ta gane ba, ba ta jira gwangwani ba. Wannan yarinyar da ko ruwa za ta roƙa sai ta yi ta murza gefen mayafi. Wallahi da na ji sai da idona ya kawo ruwa. Malamar ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta ce dai idan aka bar mata ita zuwa ƙarshen shekara, tana da kyakkyawan zato, kuma duk wata za ta riƙa turo maka abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi.

'Yarka ce, hukunci naka ne, ba zan ƙwace maka ba. Roƙona kawai kada ka yanke shi da lamba ɗaya da ka gani a waya kana tsaye a tashar jirgi. Ka kira ranar Lahadi bayan la'asar, ka ce a ba ka ita, ka yi tambaya sannan ka yi shiru, ko da shirun zai yi maka tsawo.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi. Mubarika da Rafiu da auta Nusrat suna gaisuwa. Ka gaida Shakiru da matarsa Ayishatu, ka ce mun ga hoton jaririn, Allah ya raya. Ka gaida duk 'yan Kumasi da ke tare da ku.

Idan ka ji wani abu mai tauri a ƙasan ambulan, kada ka yar. Ɗazu ina cikin rubutun nan Hikma ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko wa Babanta nake rubutawa. Na ce e, ko tana da saƙo. Ta ce ba ta da abin faɗa. Ta tafi, ta dawo da hannu a dunƙule, ta jefa murfi cikin ambulan ta fita da sauri. Na duba, ja ne.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Hamamatu