Dutsen Taimamar Baba

Laraba da dare, Bronx

Yau Baba ya yarda! Sati uku yana cewa mai hankali ba ya barin gida mai hita ya kwana a kan ƙanƙara. Bayan isha'i na shimfiɗa masa taswirar duwatsun Catskills, na nuna masa hanyar da za mu bi da abokina Nasiru, da inda za mu kafa tanti tsakanin itatuwa saboda iska.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To alwala fa, in ruwa ya daskare?" Ya shiga ɗaki ya ɗauko mini dutsen taimamarsa na Maraɗi.

Ni da har ƙotar buroshina na yanke don jaka ta yi sauƙi! Dutsen ya fi rishona nauyi. Shi na fara sakawa.