A Dawo Mana da Tukunyar Iyakar Gonarmu

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Kufai na jami'ar da ta turo mana baƙi garinmu Balan,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Ni manomi ne, ina kuma koyarwa a Islamiyya. Kakana daga Borno ya zo, dagacin lokacin ya yanka masa gona a gefen tsohon kufai. Ranar da aka shata iyaka, aka binne tukunya cike da gawayi a kusurwar gabas, gaban dattawa, domin gawayi ba ya ruɓewa. Ita ce shaidarmu, ba mu da wata.

Na ɗaya. Da rani malamanku suka zo, muka shimfiɗa musu tabarma, muka dama fura. Babbansu ya buɗe kwamfuta ya nuna mana hamadar Naƙab, kudu da Ƙudus: rijiyoyin da Attaura ta ce Annabi Ibrahim da Annabi Ishaƙu sun haƙa, har aka yi ta rigima da mutanen wurin a kansu, da ganuwoyin da sarakunan Bani Isra'ila suka gina a bakin iyaka. Ya ce a can tsingaro ɗaya kan nuna wanda ya riga zama a wuri. Wallahi na ji daɗin karatun, har da ni a masu kabbara. Sai daga baya na fara tambayar kaina, me ya haɗa hamadar Annabawa da gonar gyaɗata?

Na biyu. Kufan nan fili ne fetal, tsingaro ko'ina kamar an shanya. Amma ba su fara haƙa ko'ina ba sai daidai kusurwar gabas ta gonata, kuma a ranar kasuwar Ajingi, da kowa ya san ba na gari. Na dawo na tarar da rami, tukunya kuwa tana mota an naɗe ta da auduga. Ko gaisuwar sallama ba su tsaya yi mini ba.

Na uku. Wanda ya yi musu jagora surukin Alhaji Sabo ne, maƙwabcina a gona, wanda ya daɗe yana cewa mun ci masa kadada. Ban ce an haɗa baki ba. Ina dai tambaya: na'ura ce ta nuna musu wurin, ko yatsa? Tun da motarku ta bar gari, Alhaji Sabo ke faɗa a majalisa cewa masana sun tabbatar tukunyar ta mutanen da ce, ta riga zuwan Barebari, saboda haka ba iyakar kowa ba ce. In ku kuka faɗa, ku faɗa a fili. In ba ku ba ne, wa ya ara masa bakinku? Abin yana ci mini rai, domin a garin da aka binne cibiyata yau ake kirana baƙo.

Buƙatuna ga su. Ku dawo da tukunyar da gawayinta, a mayar da ita raminta gaban dagaci. Ku bayyana wanda ya kai ku wurin. Idan nazari kuke so, ku ɗauki hoto, ku auna, ba mai hana ku.

Ku hanzarta, ranka ya daɗe. Hadari ya fara haɗuwa, Alhaji Sabo ya riga ya kai taki har bakin ramin. Mutum ɗaya ya rage cikin waɗanda suka ga binne tukunyar, Baffa Goni, yana yaro a lokacin. Ya ce zai gane ta da tsagar da ke wuyanta, zai kuma dafa Alƙur'ani. Amma tun azumi yake kwance, jiya ma sai da aka tallafe shi ya yi sallah.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya sa iliminku ya zama mai amfani, Ya tsare ku daga zama sandar dukan wani.

Wassalam.

Malam Bukar, Balan, Ƙaramar Hukumar Gaya.